Ranar da Kawu Jatau Ya Ƙi Abincin Kaguwa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho daga bakin teku da jiƙaƙƙiyar riga."

"Ta zo mu ji ta, Kawu Jatau, mu shanya mata."

To, ku matso. Kun dai san duk faɗin garin nan babu wanda ya kai ni sanin ladabin baƙunta. Ni kaɗai na taɓa ƙetare teku na sauka ƙasar tsibiri, inda ruwa ya kewaye gari gabas da yamma, kudu da arewa. Kwana uku na yi, ban yi abin kunya ko ɗaya ba. Har gobe idan yaro ya yi wauta a can, uwarsa takan ce masa, ba ka ji labarin Jatau ba?

Tare muka tafi da Bunsuru. Ya roƙe ni in tafi da shi ya koyi zama da mutane, na ji tausayinsa.

Mai fito a tekun nan Kunkuru ne, wani ƙato, bayansa ya kai faɗin tsakar gidan nan. Kafin mu hau ya ce zai gaya mana abu uku. Na ɗaya, a sa tufa marar nauyi, don zafin can jiƙa mutum yake yi. Na biyu, a riƙe malfa da gidan sauro. Na uku kuwa ban ji ba, ina gyara karin hulata. Me Kunkuru zai koya mini, wanda ko wando bai taɓa sawa ba?

Ni na san yadda ake zuwa baƙunta. Na zuba babbar riga uku, ɗaya kan ɗaya, duk sun sha sitaci. Na ɗaure tsaraba, kantun gishiri guda. Bunsuru bai ɗauki komai ba sai gemunsa.

Muna tsakiyar teku hadari ya taso. Ruwan saman can ba ya sallama. Kafin mu kai gaci kantun nan ya narke, ya gangara ta bayan Kunkuru. Bunsuru ya lashi ruwan tekun ya ce, "Kawu, ai suna da nasu gishirin." Na ce masa kafin in zo lami ne, nawa yake ji.

Da muka sauka na tuɓe takalma a bakin ruwa, na jera su, don ba a shiga gidan mutane da takalmi. Na juya ke nan igiyar ruwa ta zo ta kwashe. Na bar mata sadaka.

Mai masaukinmu Kaguwa ce, dattijuwa mai tsabta. A wancan zamanin gaba take tafiya sak, kamar kowa. Na durƙusa na soma gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya ruwa. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ce wanne daga ciki? Rigunana kuwa sun manne mini, sitaci yana bin ƙafata kamar koko.

Sai ta shiga ta fito da akushi. Shinkafa ce dafaffiya da madarar kwakwa, ga gasasshen kifi kwance a kai, tsawonsa ya kai hannuna. Ta ajiye ta ce bismilla. Cikina ya yi ƙugi. Amma ni ɗan gidan mutunci ne. Me na ce, yara?

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Haka na ce. Na gyara zama ina jira ta sake cewa, in sake ƙi, ta rantse, sannan in sa hannu kamar dole aka yi mini. Baiwar Allah nan sai ta ce to, ta ja akushi gaban Bunsuru. Ya cinye shinkafa, ya cinye kifi, ya cinye ganyen ayabar da aka rufe akushin da shi. Na ji kunya ta kama ni saboda shi. Kaguwa kuwa ta shafa gemunsa ta ce rabonta da baƙo mai tarbiyya irin wannan an daɗe.

Ranar nan sauro ne ya ci abinci a jikina, ni ban ci ba.

Kashegari ta kawo dafaffen rogo da miyar jatan lande. Ta ce bismilla. Me na ce?

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Amma wannan karon na faɗa a hankali, ina kallon akushin, har na nannaɗe hannun riga. Na ƙara da cewa ƙanshin miyar dai ba laifi. Ta yi godiya, ta ja gaban Bunsuru. Na taka masa kofato. Ya ce, "Kawu, ka ƙoshi har ƙafarka tana rawa," ya ci gaba da ci.

Rana ta uku, ranar da Kunkuru zai dawo, ta soya ayaba, ta dafa kifi kala uku. Na rantse a raina yau zan karɓa. Ta ce bismilla. Bakin nan nawa, da yake ya saba da ladabi, bai jira ni ba. Me ya ce?

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Kaguwa ta ɗauke akushi, idanunta sun miƙe tsaye.

Na ja jiki na tafi gindin wata doguwar bishiya in sha inuwa. Ashe a can ba a zama gindin kwakwa. Ɗaya ta tsinko, ta sauka nan, tsakiyar kaina. Ta tsage biyu, kaina bai tsage ba sai kaɗan. Na duba babu kowa. Na ce tunda ita ta kawo kanta, ƙin ta wulaƙanci ne. Ina cikin ƙwaƙula da haƙori, ruwan yana bin gemuna, sai na ga ƙafafu takwas a gabana.

Kaguwa ce. Ta tara mutanen tsibiri. Ta ce ga baƙon da ya ƙi girkinta sau uku, ya koma yana tsintar abin da ya faɗo ƙasa. Nan Kunkuru ya iso, ya maimaita abu na ukun da ban ji ba. A ƙasar nan, wanda bai ci abincin mai gida ba, ba baƙo ba ne. Ba a yi masa rakiya, kuma Kunkuru ba ya ɗaukar wanda ba a raka ba. Sai ya zauna ɓare kwakwa har baɗi.

Ban tsorata ba. Zama kawai na yi a ƙasa in huta.

Bunsuru ya yi gyaran murya ya ce, "Inna Kaguwa, a garinmu babban mutum ba ya cin abinci sai an yi masa tayi uku."

Ta ce, "To ai na yi uku. Shekaranjiya, jiya, yau."

Ya ce, "Ashe sun cika. Yanzu ne zai soma ci."

Da ma abin da nake shirin faɗa ke nan, ya riga ni. Kaguwa ta ce wannan wace irin ƙasa ce, da yunwa za ta kashe mutum a gaban akushi? Ta kawo tukunyar gaba ɗaya. Na ɗan taɓa, don in faranta mata. Ƙanzon ma na kankare mata, kada ta sha wahalar wanki. Ta raka ni har bakin ruwa, Kunkuru yana ta mita wai an ƙara masa kaya.

Tun daga ranar, in Kaguwa ta ɗauke akushi, a karkace take tafiya, ido ɗaya a kan baƙo, ko zai kira ta. Shi ya sa har yau take tafiyar gefe. Ku kuma, in za ku ƙasar wasu, ku saurari mai fito har ya gama magana, kuma abin da aka ba ku ku karɓa tun tayin farko. Ga tabon kwakwar nan, ku taɓa ku ji.

Wa ke dariya a bayan zana? Tasalla, ke ce? Ba tankaɗe kike yi ba?

"Na gama, Malam. Yara, ku taɓa tabon da kyau, na goruba ne. Shekarar da ya je gaida iyayena a ƙauyenmu ta faɗo masa. Rafi ne ya kawo, aka fito da shi a kan gora yana salati. Kwana uku yana ƙin tuwon surukai, aka kama shi bayan rumbu yana gwaguyar goruba. Bunsurun kuwa ƙaninsa ne, Baba Ɗanlami. In ya zo ku gaya masa."

Tasalla, tatsuniya ce fa.

"Na ji. Abu ɗaya nake tambaya. Wace ce Kaguwar nan mai ƙafa takwas?"

Yara, ƙurunƙus kan ɗan kifi, ku tashi, iyayenku suna kira.

"Babu mai kiransu. Ga tuwo nan na sauke, kuma sau ɗaya zan yi tayi."

Kawo.