Mazaunin Bushiya a Makarantar Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A zamanin da tsamiyar bakin rafi take tsaye, Malam Zalɓe yana koyar da 'ya'yan dabbobi a gindinta. Tabarma ɗaya ce, littafi ma ɗaya, sai an matsu kafaɗa da kafaɗa kowa yake ganin baƙi.

Ranar da aka kawo Bushiya, tana zama ta soki Zomo. Dila sarkin tsegumi ya ce, "Malam, ta koma gefe, ko mu tashi."

Ta koma can cikin rana, ba ta hango komai. Rannan Malam ya tarar da ita tana tuge ƙayoyinta, jini yana zuba.

"'Yata, me kike yi?"

"So nake in zauna cikinsu, Malam."

Ana haka Kunkuru ya iso, a makare kamar kullum. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a sa ta a bakin tabarma, ni in zauna kusa da ita. Bayana ba ya jin ƙaya."

Haka aka yi. Tun daga ranar Kunkuru bai sake makara ba. Da asuba yake kama hanya, don ya san in bai zo ba, Bushiya a rana za ta wuni.

Tsamiyar ta daɗe da faɗuwa, yara. Amma na ga tabarmar, gefe guda duk huji.

Ƙurunƙus kan ɗan kunkuru.