Buhu Uku a Ɗakin Jatau

Malaminmu, Allah ya ƙara masa yarda, dattijo ne masani, mai zuhudu da tawali'u, wanda ya shafe shekara talatin yana karantar da masu bi tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum. Yana karanta littattafan annabawa da Ibraniyancinsu na asali kamar mai karanta wasiƙar ɗan'uwansa, amma duk iliminsa riga biyu gare shi da tsohon keke. Cikin karamomin da Ubangiji ya bayyana ta hannunsa akwai wadda ɗalibinsa Jatau ba ya iya ba da labarinta sai kansa a sunkuye.

Jatau makanikin injin niƙa ne a Abare. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma take ɗauke yara, ma'aikatan lafiya suka zo suna kankare ƙasar gidaje suna zuba sabuwa, shi ne ma yake bin su gida-gida yana yi wa mutane faɗa su fitar da garin dutsen zinari, mai ɗauke da gubar, daga inda yara ke wasa. Alhali gogan naka buhu uku na garin ya ɓoye a ɗakin ajiyarsa. Da aka zo kan gidansa sai ya marairaice, ya ce ɗakin marigayiya innarsa ne, ba a buɗe shi ba tun rasuwarta, kunya ta hana ma'aikatan matsa masa. Ya garƙama kwaɗo, ya jefa makullin a masai don ko matarsa Hannatu kada ta sani.

Abin da ya manta shi ne wata kafa a gindin bango. Ta nan kaji ke shiga, suka huda buhunan, suna fitowa suna kakkaɓe ƙurar a tsakar gida, inda ɗiyarsa Joyce, 'yar shekara biyu, take wasa tana kai hannu baki. Da ma gubar ta taɓa kwantar da ita. Wata biyu da sallamo ta daga asibiti jijjiga ta dawo, haƙoranta suka datse, ko cokalin ruwa ba ya wucewa.

"Baban Joyce, gidanga an gyara shi, to daga ina?" in ji Hannatu tana kuka.

"Ikon Allah na," in ji Jatau, bai yarda sun haɗa ido ba.

Rana tsaka sai ga Malam, ba wanda ya aika masa. Aka yi masa shimfiɗa a inuwa, ya wuce ta, ya zauna a ƙasa gaban ɗakin nan cikin rana, ya ce a hankali:

"Jatau, annabawa suna da wata kalma, fetah. Ba ƙyaure ba ne, ba kwaɗo ba, sararin nan ne da ake shiga a fita ta cikinsa. A irin wurin Ibrahim ya zauna da tsakar rana baƙin Allah suka iske shi. Rahama ba ta haura katanga, ɗana. Mi ke cikin ɗakinga?"

"Kayan Inna na, Baba."

Haka ya dubi mutumin da ya koya masa addu'a ya shara masa ƙarya. Malam bai musa ba, bai kuma taɓa komai ba, hannu kawai ya ɗaga, leɓunansa na motsi. Kwaɗon nan ya ɓalle da kansa ya faɗi ƙasa, ƙyaure ya wangale, kaji uku suka fito a guje, furu-furu da ƙura.

Hannatu ta matso da yarinyar a kafaɗa, ta leƙa, ta ga buhunan, ta juyo ta dubi mijinta. "Ashe kai na," ta ce. Jatau ya so ƙasa ta tsage ya shige. Nan take bakin Joyce ya buɗe, ta tsala kuka, aka ba ta ruwa ta sha.

Malam ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "A kai ta asibiti yanzu. Kai kuwa, tai ka kira ma'aikata, ka hwaɗi da bakinka."

Jatau ya tafi, ya faɗa, a gaban mutanen da ya gama yi wa faɗa. Joyce ta rayu, amma gubar ta taɓa harshenta. Ta kai shekara tara, sa'o'inta na makaranta, ita kuwa kalma ɗaya tak take iya furtawa sarai, ita ce "Baba", kuma da murna take faɗarta duk lokacin da Jatau ya shigo gida.

Tsarki ya tabbata ga Ubangiji, mai tonawa don ya warkar. Allah ya ɗaukaka darajar Malam, ya ba mu rabo cikin albarkarsa, ya yafe mana abin da muka kulle wa iyalanmu. Amin.