Dalilin da Ya Sa Zabin Daji Ke Hawa Tudu da Damina

Dalilin da ya sa zabin daji ke barin fadama su hau tudu da zarar ruwa ya sauka, ba gudun laka ba ne kamar yadda babanku ke faɗa. Shi me ya sani? Ku matso ku ji, wanda ya katse ni kuwa ba zan maimaita ba.

A da can, zabin fadama ba sa zuwa ko'ina, rani da damina suna bakin ruwa. A cikinsu akwai wani zabo, Barau, da ya auro Tasalla daga kan tudu. Yana sonta ƙwarai, ko ƙwaro ɗaya ya tono sai ya kira ta.

Da hadari ya fara haɗuwa, Tasalla ta ji ƙwai ya zo. Ta ce, "Maigida, na fari ne. Ka bar ni in je gida goyon ciki wurin Inna."

Barau ya shiga tsaka mai wuya. Kun dai san suruki ba ya cin abinci a gidan surukarsa, kunya ba ta bari. In ya bi ta, yunwa. In ya zauna, kewa. Amma maimakon ya faɗi haka, sai ya kumbura wuya, irin na maza, ya ce, "Me aka fi mu da shi a can? A nan za ki saka."

"Inna ta ce ƙasar fadama ba ta riƙe ƙwai da damina."

"Inna ta taɓa zama a fadama ne?"

Ta haƙura. Ta yi sheƙa cikin doguwar ciyawa, ta saka ƙwanta, ta hau kwanci. Rannan da hantsi, ko ɗigo bai sauka a kansu ba, ashe an kwana ana tafka ruwa can gabas. Sai ga kogi ya cika ya tumbatsa. Tasalla ta baje fukafukai ta rufe ƙwan, ruwa ya kai mata ƙirji, ya kai wuya, ta ƙi tashi. Da ƙyar Barau ya fizgo ta. Suna tsaye suna kallo ƙwan suka bi ruwa.

Wayyo, ni kaina abin yana taɓa ni. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗora masa laifi ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Da shekara ta zagayo, tun kafin ta buɗe baki ya ce, "Tashi in raka ki."

Tsohuwa ta tarbe su da murna, ta zubo gara da tsabar ciyawa. Barau ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, a ƙoshe nake." Ƙarya ce tsagwaronta! Ya koma kan wani suri ya miƙe wuya, yana gadi saboda shaho da muzuru. Sai ya faki ido ya ɗan tsinci abin da ba zai ƙosar da tsako ba. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, ko ɗaya bai lalace ba, amma uban ya rame har ƙashin ƙirjinsa ya fito.

Tsohuwa ta ce wa 'yarta, "Ke ba ki da ido ne? Mijinki zai mutu a tsaye."

"Na yi, na yi, Inna, ya ƙi."

Sai ta taka da kanta har gindin surin. "Barau, abin da ya faru bara ya wuce. Sauko ka ci."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Inna, ba zan iya ba."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon jikokinta suna tsalle cikin ciyawa. Ita kaɗai ce a gidan nan, kuma ta saba da hayaniyarsu. Ta share ido ta ce, "To, da sun yi ƙwari kwashi iyalinka ku koma. Amma duk damina ka kawo mini ita." Da kaka ta raka su har gangare, ta dawo ita ɗaya.

Shi ya sa har yau zabi ke taruwa a fadama da rani, ruwa na sauka kuma su hau tudu bibbiyu. Ku kuma masu yawo da danƙo, in kun ga zabo tsaye kan suri ya miƙe wuya, kada wanda ya harbe shi. Iyalinsa na nan cikin ciyawa, shi kuwa tun safe bai sa komai a bakinsa ba.