Fataw, Ƙoƙi-ƙoƙinsa da Mai Jego

Akwai wani kafinta a unguwar Maamobi ta Accra mai suna Fataw. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya: idan abu ya shiga ransa, to sauran duniya sai ta jira shi.

Wasu kaji suke kiwo, wasu tantabaru. Shi Fataw ƙoƙi-ƙoƙi ya ajiye. E, wannan ƙwaron mai ɗaga hannuwa biyu kamar mai addu'a. Kada ku yi dariya tukuna.

A itacen girkin maƙwabciyarsa Sala mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ya tsinci wata mace. Irin mai launin ɓawon itace ce, in ta lafe a jikin reshe sai ka rantse ɓawo ne. Saura kaɗan Sala ta tura icen cikin murhu ya ga abu ya motsa. Ya roƙi icen, ya haɗa akwati da guntayen katako da ragar taga, ya sa mata suna Magajiya. Kullum sai ya kamo mata ƙuda, ya tsuguna yana kallon yadda take juyo kai ta dube shi.

Ba a yi wata guda ba matarsa Hamdia ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace. Aka sa mata Zalia.

A al'adar gidan su Hamdia, mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa ta yi wankan jego har arba'in, wani lokaci ma har wata uku. Mahaifiyarta, Hajiya Sahada, ta gyara ɗaki a Accra New Town tana jira. Amma Fataw ya je ya durƙusa.

"Mma, ki bar min su. Ina so in buɗe ido kullum in ga 'yata. Sala ta ce za ta riƙa yi wa Hamdia wanka. Ruwan zafi da abinci kuma suna wuyana."

Hajiya ta gyara zama. Sannan ta ce, "Na bar maka. Amma ranar da 'yata ta wuni da yunwa, a ranar zan zo in kwashe su."

Makon farko kam ya yi abin a yaba. Kafin rana ta fito ya ɗora ruwa, ya sayo koko da ƙosai masu zafi, da rana ya rufe shago ya kawo tuwo. Hamdia tana jin daɗi, gida ya yi albarka.

Kwana biyu bayan suna, Fataw ya leƙa akwati ya ga wani dunƙule kamar busasshen kumfa a jikin icen. Magajiya ta yi ƙwai. Ta kwanta a kansa, ta rufe shi da jikinta.

Ya sa mata ƙuda, ba ta kula ba. Washegari ya sa mata ƙaramar fara, farar ta yi ta yawo a gabanta, ko motsi. Ya ɗauko tsinken tsintsiya ya ɗan taɓa ta don ta matsa. Ai kuwa ta ɗaga hannuwan nan ta kai wa tsinken sara, sannan ta koma ta lafe a kan ƙwanta.

Nan fa Fataw ya rikice. Ya kira Sala ta gani.

"Dubi ikon Allah, Anti Sala. Yunwa take ji amma ta ƙi tashi. Son 'ya'yanta take yi."

Sala ta taɓe baki. "So kuma? Ƙwaro ne, sam bai san komai ba kraa. Haka aka halicce shi."

"To me ya sa da na taɓa ta ta fusata? Ni dai na ga tsoro a jikinta."

"Ka shiga ranta ne?"

"Ke kin shiga?"

Haka suka yi ta musu, ba wanda ya ci. Ni ma da nake ba ku labarin ban san ko ƙwaro yana jin ciwo ko ƙauna irin tamu ba. Wanda ya halicce shi ne ya sani.

Abin da na sani shi ne daga ranar Fataw ya koma ɗan aiken Magajiya. Da safe akwati, da rana akwati. Ya matsar da shi inuwa, ya yayyafa ruwa a raga, ya zuba toka a ƙafafun tebur don kada tururuwa su hau. Kokon mai jego da yake zuwa da sassafe ya koma zuwa da hantsi, ya huce. Wata rana ruwan wanka ma sai da Sala ta dafa da kanta kafin ta fita talla.

Hamdia mace ce mai kawaici. Ga jaririya ba ta barin ta ta runtsa, ga jiki bai gama komawa ba, amma ba ta ce uffan ba.

Rana ta goma sha biyu da kwanciyar Magajiya, Fataw ya ɗauki hotonta ya ɗora a status na WhatsApp. Ya rubuta a ƙasa: "Ku ga uwa ta gari. Kwana goma sha biyu ba ta ci ba saboda 'ya'yanta. Wallahi tausayinta ya hana ni sukuni."

Jama'a, a ranar har aka kira la'asar Hamdia ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwan shayi. Fataw ya ce zai kawo abinci, ya tafi neman fara a bayan kwata, ya manta.

Hamdia tana shayar da Zalia ta ga rubutun. Ta karanta sau biyu, ta kifa wayar, hawaye suka zubo mata. Ba yunwar ce ta fi yi mata ciwo ba. Ashe mijinta ya iya tausayi haka, ita ce kawai bai gani ba.

Ita ma Hajiya Sahada ta ga hoton. Ta kira 'yarta a waya, ta ce, "Me kika ci yau?" Hamdia ta fara kame-kame. Hajiya ba ta ƙara tambaya ba, ta yafa mayafi ta hau trotro, motar haya.

Ta tarar da Fataw tsugune gaban akwati. Ya miƙe da sauri yana gaisuwa.

"Ita ce uwa ta garin?" in ji Hajiya.

"Ita ce, Mma." Har yana murmushi, bawan Allah.

"Yaushe rabonta da abinci?"

"Ranar Talatar waccan, bayan azahar. Ƙuda biyu ta ci."

"Madalla. Hamdia fa, yaushe rabonta da abinci?"

 Fataw ya dubi ƙofar ɗaki, ya ga kwanon da ya kamata ya cika tun safe a kife inda aka wanke shi jiya. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ban ga laifinka don ka ji tausayin ƙwaro ba, Fataw. Da ba ka da tausayi, da ban ba ka 'yata ba. Amma wannan ta akwati ba mu san abin da take ji ba, kana ta kintace. Ta cikin ɗaki kuwa tana da baki, tambaya kawai za ka yi. Ba ka yi ba."

Ta shiga ta haɗa kaya. Kafin magariba Hamdia da Zalia suna New Town.

Fataw ya shiga ɗaki ya ga shimfiɗar jaririya babu kowa, sai ƙamshin hoda. Ya zauna bakin gado ya yi kuka, kuka na gaske.

Bai yi fushi ba, bai kuma tura kowa biko ba. Washegari bayan sallar asuba ya sayi koko da ƙosai, ya taka da ƙafa daga Maamobi har New Town don kada jiran mota ya sa su huce. Hajiya ta karɓa a bakin ƙofa, ta ce, "An gode," ta rufe.

Ya dawo da rana da farfesu. Ya dawo washegari. A rana ta uku aka bar shi ya shiga ya ɗauki Zalia. A rana ta biyar Hajiya ta miƙa masa bokiti da kayan jaririya, ya zauna a tsakar gida ya wanke su tas, matan gidan suna leƙe suna dariya. Bai damu ba. Kuma duk zuwan da zai yi, maganarsa ta farko ga Hamdia ita ce, "Kin ci? Ina ke miki ciwo?"

Magajiya ma bai yar da ita ba. Yana duba ta safe da yamma, minti biyu, ya wuce.

A rana ta tara ya leƙa akwati ya ga raga ta cika da ƙananan abubuwa kamar tururuwa, sun fi talatin. Ƙwai ya ƙyanƙyashe. Magajiya ta sauka daga kan icen, ta rame ƙwarai. Ya sa mata ƙuda, ta cafke nan take.

Ya ɗauki hoto, amma bai ɗora wa duniya ba. Ya kai wa Hamdia ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallo, ta yi murmushi ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Kin sha zama."

Hajiya tana gefe tana jinsu. Ta ce, "Hamdia, ki haɗa kayanki. Wannan mutumin zai cinye min takalminsa a hanya."

Da yamma suka dawo Maamobi, Sala ta tarbe su da guɗa. Fataw ya kai 'ya'yan Magajiya gindin darbejiyar bayan masallaci ya sake su. Da ya shigo, Hamdia ta dubi akwatin ta ce, "Ka ba ta abinci kuwa?"

Fataw ya ajiye kwanon tuwo a gabanta, ya miƙa hannu ya karɓi Zalia.

"Za ta jira. Ke ci tukuna."

Darasi: Tausayin ƙaramar halitta abu ne mai kyau, ko da ba mu san iyakar abin da take ji ba. Amma kada tausayin na nesa ya makantar da kai ga wanda ke kusa. Uwar da ke gidanka tana jin yunwa, tana jin ciwo, kuma sau da yawa ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta. Ka tambaye ta yau. Ku tura wa duk maigidan da ke da mai jego a gida, wataƙila kokon gobe ya zo da zafinsa.