Gam Bai Kama Ba

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a nan Nima. Ba zan faɗi sunansa ba, domin danginsa suna nan a cikinmu. Sana'arsa gyaran kujerun mota, kuma daga Circle har Kotobabi babu mai hannunsa. Ba ya shan giya, ba ya caca, jam'i ba ya wuce shi. In labarin mashayi kuke jira, yau ba shi na kawo muku ba.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Yayarsa Amama ce ta raine shi da cinikin koko da ƙosai, ita ta kai shi koyon sana'a. Da ya samu rufin asiri sai ya sayi wata tsohuwar Benz baƙa a hannun wani dattijo a Kanda. Shekara uku yana fama da ita. Makaniki ya tayar da inji, shi kuma ya ɗinke kujeru biyar ɗin nan da hannunsa.

Abu ɗaya ya rage, allon da ke gaban direba, wanda 'yan mota ke ce wa dashbod. Rana ta cinye shi, ya tsattsage kamar kaushin ƙafa. Mutumin nan ya ɓamɓare tsohuwar ledar, ya kankare ruɓaɓɓen soson da ke ƙarƙashinta, ya goge tsatsa, ya yanka sabon soso ya manna. Sai fatar da zai rufe shi da ita. Wannan a shekarar 1983 ne, kuma manyanku sun san ta. Sabulu ma ya gagara a kanti, balle fata. Wata huɗu yana nema kafin ya samu falle ɗaya, ja mai duhu, a wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema. Falle ɗaya ne, in ya ɓaci babu wani.

Wata Talata da hantsi ya shafa gam, ya shimfiɗa fatar, ya ja ta ta kwanta, ya danne da 'yan buhunan yashi. Gam ɗin nan yana son yini da kwana a inuwa, ba motsi. In rana ta taɓa shi fata ta kumbura, in ramin hanya ya girgiza shi ta yamutse. Duk mai sana'ar zai gaya muku haka ne.

Ana kiran azahar sai ga Imurana, ɗan Amama, tela ne magidanci, ya faɗo rumfar da mutumin yake aiki a guje ba takalmi.

Ya ce, "Kawu, Mma ta faɗi a bakin wuta, ba ta magana. Tashi mota mu je asibiti."

Mutumin ya dubi Imurana, ya dubi allon. Ya ce, "Gam bai kama ba. Fita titi ka tare taksi."

"Taksi ina, Kawu? Duk suna layin mai. Na roƙe ka don Allah."

"Hawan jininta ne, ta saba. Ku yi mata fifita, zai sauka. In bai sauka ba, gobe da sassafe ni zan kai ta."

Ya 'yan uwa, tankinsa cike yake da mai. Makulli yana aljihunsa. Tsakanin rumfarsa da ƙofar yayarsa bai kai taku ɗari ba. Me ya hana shi? Falle ɗaya na fatar dabbar da ta riga ta mutu.

A kan amalanken da ake dakon doya da shi aka ɗora Amama. Maza huɗu suna turawa a cikin rana, wata maƙwabciya tana binsu tana kare mata fuska da zane. Ba su kai ƙofar asibiti ba ta cika.

Ban ce mota tana hana ajali ba. Da ya kai ta, wataƙila a cikin motar za ta cika. Amma da ta cika kanta a kan cinyar ɗanta, ƙanenta yana tuƙi yana kiran sunanta.

Kashegari gam ya kama. Aiki ya yi kyau, ko tangarɗa ɗaya babu.

Kun san yadda muke a Zongo. Wanda Allah ya ba mota, unguwa ya ba. Mai naƙuda ƙofarsa ake bugawa, a kai amarya shi ne, a tarbo alhaji shi ne. To, babu wanda ya zagi mutumin nan. In ya yi sallama ana amsawa. Abin da ya faru kawai, an daina roƙonsa. Matarsa ma ta ce ba ta iya buɗe ido kullum ta ga motar nan, ta tafi wajen danginta a Kumasi, ba ta dawo ba.

Sai ya zama shi ke roƙo. Zai tsaya a bakin titi ya sauke gilashi, ya ce, "Ku shigo in rage muku hanya." A ce, "Mun gode, mun kusa." Ko ruwa ake yi, haka za a ce. Da aka haifa wa Imurana 'ya aka sa mata Amama, ya wanke mota ya je ƙofar gidan suna, ya ce ya zo ya riƙa kai baƙi tasha. Imurana ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Kawu, bar shi. Kar aikinka ya lalace."

Shekara goma sha ɗaya yana haka. Masu kawo aiki suka ragu, bai damu ya nemi wasu ba. Bayan la'asar zai shiga motar a cikin rumfa, ya ɗage tawul ɗin da yake rufe allon da shi, ya goge, ya mayar, ya kunna rediyo ya zauna. In yara sun matso ba ya korarsu kamar da, amma iyaye ke kiransu su dawo.

Wata Juma'a ba a gan shi a masallaci ba, kuma babu wanda ya tambaya. Sai ranar Lahadi wata mai sayar da gawayi ta leƙa ta gan shi a kujerar direba, kansa a jingine, tawul a hannunsa. Kwana biyu yana nan, a unguwar da in ka yi tari maƙwabci yana ce maka sannu.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Kuma zan faɗa muku abin da ke damuna. Ni ma ya taɓa tsaya mini a hanyar Maamobi, na ce masa na kusa, alhali ban kusa ba. Mutum ya yi shekara goma sha ɗaya yana neman wanda zai buɗe masa ƙofar tuba, muka ƙi. Wannan namu ne, za a tambaye mu.

Bayan rasuwarsa aka cire kwanon rumfar. Wata uku allon nan ya yi a rana ya tsage daga gefe zuwa gefe. Na gani da idona. Mota mai kujera biyar, tun da ya gama ta mutum ɗaya ta taɓa ɗauka.

Ya 'yan uwa, rowa ba sai ta kuɗi ba. Mutumin nan bai ce ba zai taimaka ba, cewa ya yi gobe. Kowannenmu yana da abin da yake lallaɓawa, yana jira ya kama. Idan ɗan uwanka ya buga ƙofa, tashi a lokacin, abin ya lalace in zai lalace. Fata ana samun wata. Shi bai sake samun wata yayar ba.

Allah ya jiƙan Amama, ya gafarta wa ƙanenta, ya yafe mana abin da muka yi masa. Allah ya kiyaye mu da son abin da zai bar mu mu kaɗai. Amin.