Faifan da Ya Ƙi Shafuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Masanin ɓoye da bayyane, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, daga cikin karamomin da Allah Ya bayyana a hannun Shehinmu, malamin malamai, fitilar masu neman sani, ma'abocin zuhudu da tsentseni, Allah Ya ƙara masa yarda Ya haskaka makwancinsa, akwai wadda ta faru ga wani ɗalibinsa ma'aikacin gidan rediyo. Shehu ya kasance kogi ne a fiƙihu da tafsiri, ya ƙare rayuwarsa a kan buzu ɗaya tsakanin littafi da carbi, amma maganarsa kaɗan ce kamar ruwan guzurin matafiyi, ba ya zubar da ɗigo sai inda ake bukata.

Shi wannan ɗalibi an fi saninsa da Mai Tarihi, saboda shirin da yake gabatarwa kowane mako, inda yake tuna wa masu sauraro abin da ya faru a rana irin ta yau: ranar da aka buɗe babbar gada, ranar da yaƙi ya ƙare sojoji suka dawo gida, ranar da gobara ta cinye tsohuwar kasuwa, sa'an nan ya rufe da ranakun haihuwar makaɗa da mawaƙa, ya sa waƙar kowannensu. Aikin ya fi yi masa yawa a watan Yuni, lokacin da bazara take haɗa kayanta damina tana leƙowa, domin ranakun tunawa sun cushe a wannan wata kamar fasinjoji a motar ƙarshe. Mutum ne mai tsare aiki, mai tsare salla, sai dai Allah Ya jarrabe shi da zargi. Abokan aikinsa sukan ce in ka gaishe shi sau biyu a rana ɗaya, sai ya laluba aljihunsa.

Mahaifinsa mai busa sarewa ne, wanda a zamaninsa ba a yi kamarsa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya ajiye sarewar, ya koma zama a zauren Shehu har Allah Ya yi masa rasuwa. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsa, sai dai an ji daga bakin mahaifiyarsa cewa ranar da ruwan farko ya sauka ta haife shi, don haka gidan rediyo ya tsayar masa da rana a farkon Yuni. Duk busar da ya yi a duniya ta bi iska, in ban da faifai guda, irin na da mai zare da ake naɗewa, wanda yake ɗakin ajiyar gidan rediyon.

To, an yi wani lokaci da faya-fayan manyan mawaƙa suka riƙa ɓacewa daga ɗakin nan, sai kawai a ji su a kasuwa cikin kaset. Mai Tarihi ya yi tunani, ya ce a ransa ɓarawo suna yake sata, ba zare ba. Sai ya ɓanɓare takardar sunan da ke jikin faifan mahaifinsa, ya raba shi da kwalinsa, ya tura shi cikin wani tsohon akwati a ƙarƙashin tebur, inda ake jibge matattun faya-fayan da ba wanda ya taɓa waiwaya. Shi kaɗai ya san shaidarsa, wata 'yar tsaga a bakinsa kamar giɓin haƙori. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

A shekarar da muke magana, ya yi wa masu sauraro alkawari cewa ranar haihuwar mai sarewa za su ji abin da ba su ji ba tun suna yara. Ana saura 'yan kwanaki ya shiga ɗakin ajiya, ya jawo akwatin, ya juye shi a ƙasa, ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Babu mai tsaga.

Wanda ya fara faɗo masa a rai shi ne Injiniya, mai kula da na'urorin ɗaukar murya, domin shi ke riƙe da ɗaya mabuɗin, kuma a makon nan ya zo aiki da sabon takalmi mai ƙara. Ta biyu yayarsa ce, wadda tun ranar da ta ji alkawarin a rediyo ta aika aka kira shi, ta ce masa, "Auta, abin da Baba ya ajiye da hannunsa ya tuba, shi za ka tono ka busa wa duniya? Ka bar bawan Allah ya kwanta." Ya tuna kuma ya taɓa hango Injiniya ya tsaya yana gaishe ta a bakin kasuwa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da ta mutanen da ba su da wata magana a tsakaninsu.

Ranar Talata bayan la'asar ya tafi wurin Shehu. Ya tarar an tashi daga karatu, zauren ba kowa sai tattabaru a kan katanga. Ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, an yi mini sata." Kafin ya ƙara kalma, Shehu ya ɗaga masa yatsa alamar ya dakata, sa'an nan ya kifa tafin hannunsa na dama a kan buzu ya danne, kamar mai tare takarda kada iska ta kwashe. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe, leɓunansa suna motsi, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya ɗaga hannun a hankali, ya shafa fuskarsa, ya ce:

"Ka cire masa suna, sa'an nan kana mamaki an ɗauke shi ba kowa ba?"

Mai Tarihi ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Shehu ya jawo littafinsa, ya ƙara da cewa, "Kada ka kama sunan kowa kafin ruwa ya sauka." Daga nan ya koma kan karatunsa.

Da wani mutumin ne, da ya fita yana tasbihi. Shi kuwa, Allah Ya yafe mana da shi, bai kai bakin titi ba sai Shaiɗan ya riske shi da lissafi. Wa ya gaya wa Shehu an cire suna? Ba wanda zai san haka sai wanda ya riƙe faifan a hannunsa, ko wanda aka kai wa shi. Yaya ba ta rabuwa da cikin gidan Shehu, kuma a wannan zaure ne mahaifinsu ya rabu da sarewa. Ashe ke nan Yaya ta roƙa, Injiniya ya ɗauko, Shehu ya sa albarka, yanzu kuma an ɗaure masa baki da zancen ruwan da ba wanda ya san ranar zuwansa. Ya yi istigfari, tunanin ya tafi, ya yi taku kaɗan ya dawo masa kamar ƙuda. Tun daga ranar ya daina zuwa karatu, ya ce wa matarsa aiki ne ya yi yawa.

A wurin aiki kuwa ya zama inuwar Injiniya. In Injiniya ya shiga ɗakin na'ura ya bi shi da ido, in ya fita da jaka ya auna nauyinta daga nesa. Injiniya mutum ne mai barkwanci, ga 'ya'ya cike da gida, bai san dawan garin ba. Rannan ya juyo ya ce masa, "Ɗan mai sarewa, kwanan nan takalmin nan nawa ya hana ka sakat. In so kake, faɗi, in ara maka ka je ɗaurin aure." Aka yi dariya, Mai Tarihi ya yi yaƙe, a ransa yana cewa ga ɓarawo har da ba'a.

Ranar shirin ta zo, gari ya wayi da zafi mai nauyi, irin wanda ko ganye ba ya motsi. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi, ya tsaya cak kamar mai jiran izini. Mai Tarihi ya zauna a teburinsa ya shirya zancen gada da na yaƙi da na gobarar kasuwa, ya zo wurin da sunan mahaifinsa yake, ya ga ba abin da zai biyo baya sai ban haƙuri. Ya san dokar gidan sarai: ma'aikacin da aka kama da fitar da faifai, a ranar yake ajiye mabuɗi, kuma ba gidan rediyon da zai sake ɗaukarsa. Ya san yawan bakunan da Injiniya yake ciyarwa. Duk da haka ya miƙe, ya gyara hularsa, ya nufi ofishin Manaja.

Ya tarar Manaja yana waya, aka ce ya jira. Ya tsaya a baranda yana kallon sama, maganar Shehu tana yi masa kai-kawo. Ya ce a ransa, in ruwan bai zo ba sai baɗi fa, haka zan zauna da dutse a baki? Yana cikin haka sai iska ta juyo, ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka fara jin ɗigo ɗai-ɗai a kan kwano, manya-manya, sa'an nan sama ta saki gaba ɗaya. Mai Tarihi ya yi ajiyar zuciya, ya ce to, an kwance ni. Ƙofa ta buɗe, Manaja ya leƙo ya ce ya shigo.

A daidai wannan lokaci, daga can ƙarshen baranda inda ɗakin na'ura yake, wata siririyar murya ta keto ƙarar ruwan. Sarewa ce. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta yi ɗan jinkirin nan da mahaifinsa yakan yi kafin ya hau, kamar mai neman izinin shiga gida, sa'an nan ta tashi. Mai Tarihi ya dafa bango.

"Me ke tafe da kai?" in ji Manaja.

Mai Tarihi ya nuna masa sama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo in gaya maka ruwa ya sauka."

Manaja ya dube shi, ya dubi ruwan da ke zuba a gabansu su biyu, ya ce ya gode da labari.

A ɗakin na'ura ya tarar da Injiniya tsaye, hannu a ka, yana kallon faifan da ke juyawa kamar ya ga maciji. Ga tsagar nan tana wucewa tana dawowa. Sai Injiniya ya bayyana masa yadda aka yi. Saboda yawan shirye-shiryen watan, sababbin faya-fayai sun ƙare, Manaja ya ba da umarni a taron safe cewa a ɗebo daga akwatin matattu, duk wanda ba suna a jikinsa a shafe shi a sake ɗauka a kai. Mai Tarihi bai ji umarnin ba, domin ya daɗe da daina zuwa taron safe, ya ce taron gulmarsa ne. Injiniya ya ɗebi wasu, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan na'urar shafewa, wadda mayen ƙarfen cikinta ba ya barin ko tari a jikin zare. Yau ya ɗauko wannan don a ɗauki shirin a kansa, ya saurari farkonsa kamar yadda ya saba don ya tabbatar fes yake, sai ga abin da ya fito.

"Wallahi da hannun nan na shafe shi," in ji shi, "har sau biyu, don na ga ya tsufa."

Ba a bar maganar a kan rantsuwa ba. An ɗauko sauran da aka shafe tare da shi, aka saurare su duka, ba komai a cikinsu sai shiru. An gwada na'urar da wani faifai, ta cinye shi nan take. Mai Tarihi ya tambaya wace rana aka yi shafewar. Injiniya ya ce Talata ce, yana idar da la'asar ya hau aikin.

Da yamma aka yi shirin, ruwa yana sauka a kan rufi, aka ji mai sarewa daga farko har ƙarshe. Washegari Mai Tarihi ya tafi zauren Shehu, ya tarar da yayarsa a bakin ƙofar cikin gida, idanunta sun kumbura, ta ce masa ita ba ta saurara ba, rediyon maƙwabta ne ya yi ƙara. Ya shiga ya zube a gaban Shehu, ya fara cewa ya yi mummunan zato ga wanda bai kamata ba. Shehu bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya ce, da muryar da za ta kai bakin ƙofa:

"Ban taɓa ce wa mahaifinku ya ajiye sarewa ba. Numfashi ne ya gaza masa, ya ji kunyar ku sani."

Aka ji shessheka daga bayan labule. Shehu ya dubi Mai Tarihi, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ni ba ka ɗauke mini komai ba. Wanda za ka nema yana can da sabon takalmi. In ka gama da shi, ka mayar wa mahaifinka sunansa."

Ya aikata duka biyun a ranar: ya nemi gafarar Injiniya, ya mayar da takardar suna a jikin faifan. An ce da Injiniya ya ji, sai ya ce ya yafe, amma aron takalmi kam an fasa.

Yau ba a amfani da irin waɗannan faya-fayai, ɗakin ajiyar ma an mai da shi wurin jibge karyayyun kujeru, kuma mafi yawan waɗanda suka tsaya a ɗakin na'ura a ranar sun riga mu gidan gaskiya. Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya yi wa Shehu baiwa da shi, wanda da tafin hannu ɗaya aka tsare muryar mamaci da mutuncin mai rai. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayi, Ya wanke zukatanmu daga zargin bayinSa, Ya sa mu a inuwar albarkarsa ranar da za a kira kowa da sunansa. Amin.