Abin da Tururuwa Ke Raɗa wa Juna

Dalilin da ya sa tururuwa ba ta wuce 'yar uwarta a hanya sai sun tsaya sun gwara kai, shi zan gaya muku yau, tunda kun tsugunna kuna kallonsu kun ƙi tashi. Amma Nafi'u, janye ƙafarka tukuna, suna cizo, ni kuma ba ni da abin shafa maka. Zulai, ke ma dawo inuwa kafin kanki ya fara ciwo.

A da can ba haka tururuwa suke tafiya ba. Kowacce kanta a sama, ta wuce 'yar uwarta ko kallo babu. Kuma suna da murya, 'yar siririya dai, amma mutum yana jin ta sarai. A wani ƙauye da ake kira Dogon Marke, su ne masu kawo wa manoma labari. Kun san a cikin ƙasa suke zaune, to duk abin da zai sami gona su ke fara ji, ko ruwa na tafe, ko fara ta sauka a gabas, ko tsutsa ta shiga dawa. Ladansu kuwa, in an gama sussuka, hatsin da ya zube a gefe ba a share shi, nasu ne.

Shugabarsu ana ce mata Magajiya. Ƙatuwa ce, ba ta fita daga rami, kuma tana son a san da zamanta. Wata shekara wata tururuwa mai rawar kai ta hango hayaƙin masu ƙona sharar gona, ta ruga cikin gari tana cewa hadari ne. Mata suka kwashe shanya a banza, aka yi wa tururuwa dariya har a kasuwa. Magajiya ta ji kunya ƙwarai, sai ta kafa doka. Duk wadda ta ji labari ta kama bakinta, ta kawo mata ita kaɗai. Ita za ta auna shi, ta aika wa Sarkin Noma, shi kuma ya sa mai shela ya gaya wa mutane. Ko uwarki kika haɗu da ita a hanya, ba ki faɗa mata.

Ni dai ban ce dokar banza ce ba, don ƙarya ta ragu. Hanyar ce ta yi tsawo.

A ƙauyen akwai wata mata, Tasalla, mai yara ƙanana, mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Tana da wani irin gero da ta gada wurin kakarta, mai saurin nuna. Lokacin marka, sa'ad da rumbun kowa ya koma fanko, nata geron ya riga ya yi ido, yaranta suna cin tumu. Da shi suke tsallake yunwar tsakiyar damina kowace shekara. Duk garin ita kaɗai ta rage da shi, kuma bai wuce cikin ƙwarya ba.

Ana gab da faɗuwar damina ta buɗe tulun da ta ajiye irin, sai ta ga ƙwari sun fara shiga. Ta ɗauka ta kai wani falalen dutse a bakin rafi, ta baza don rana ta kore su. Tana cikin bazawa sai ga wata tururuwa ta fito daga gabas, sunanta Ladingo. Ita Ladingo ba a taɓa yin tururuwa mai ladabi kamarta ba. Kuma da safen nan ta ji ƙamshin ruwa a cikin ƙasa, ruwa mai yawa, mai iska.

"Sannu da aiki, Tasalla."

"Yawwa Ladingo, Allah ne ya kawo ki. Gonar nesa zan tafi in ƙarasa sassabe. In bar shanyar nan ko in kwashe?"

Maganar ta zo wa Ladingo har baki, ta haɗiye. "Wannan sai Magajiya."

"Ke da kika fito daga gabas, ba ki ji komai ba?"

"Abin da na ji da wanda ban ji ba, duk na Magajiya ne."

"Haba 'yar nan, ko da ido ki yi mini alama mana."

"Idon ma nata ne."

Tasalla ta ɗaga kai ta dubi sama, fes, ko gizagizai babu. Ta ce, "To, in da wani abu ai za a aiko." Ta saɓa gatarinta ta tafi.

Ladingo ta ƙara sauri. A hanya ta wuce 'yan uwanta rututu, ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta isa rami ta tarar Magajiya na cin abinci. To kun san ba a kawo wa babba magana yana ci. Ta durƙusa a gefe. Magajiya ta ci, ta suɗe hannu, ta sha ruwa, ta yi gyatsa, sannan aka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya mutanen gabas. Can dai Magajiya ta ce, "Lafiya?"

"Ranki ya daɗe, ruwa na tafe."

"Ruwa ko hayaƙi?"

"Ruwa."

"Ƙamshinsa irin na bara ne ko na bara waccan?"

"Ranki ya daɗe, bara waccan ba a haife ni ba."

Magajiya ta lumshe ido tana aunawa. Ta auna, ta auna, har Ladingo ta fara tsammanin barci ne. Daga baya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Je ki gaya wa Sarkin Noma. Kuma ki gaishe shi da kyau, kada a ce ba mu da tarbiyya."

Sarkin Noma Jatau yana gindin marke yana sa wa fartanya ƙota. Dattijo ne mai son gaisuwa, in ya kama ka sai ya tambayi har kajin gidanku. Ya tambayi Magajiya. Ya tambayi ƙafarta da ke ciwo. Sannan ya shiga tambayar yara, ɗaya bayan ɗaya. Ku kuwa kun ga yawan 'ya'yan tururuwa. Ladingo tana ta "lafiya lau, lafiya lau," ganyen marke ya fara kaɗawa, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Da ƙyar ta sami inda ya tsaya jan numfashi. "Baba, Magajiya ta ce a gaya maka ruwa na tafe."

Daidai nan ɗigo ya faɗo masa a kan hanci. Ya shafa, ya duba yatsansa. "Na gani. Ki ce mata mun gode."

"Baba, irin Tasalla yana kan dutse, ita kuma tana gonar nesa."

"Assha. Sai a nemo mai shela." Ya waiga. "Af, ya tafi kasuwa." Nan ya tuna ya sauke jinkar rumbunsa don gyara, ya yar da fartanya ya zura da gudu, babbar riga na tashi a bayansa.

Ladingo ta rage ita kaɗai. Ta san in ruwan nan ya sauka, zai wanke dutsen tas ya zuba geron a rafi. Ita kuwa ƙwaya ɗaya kawai take iya ɗauka. Duk da haka ta juya ta nufi dutsen, tana gudu ido rufe. Ba ta ankara ba sai ji kake ƙum, ta yi karo da wata 'yar uwarta, Dije, goshi da goshi.

"Ke ba ki gani ne?" in ji Dije.

Zafin karon ne ya kwance mata baki. "Ruwa. Geron Tasalla yana kan dutse."

Ta yi sauri ta toshe bakinta, amma magana ta riga ta fita. Dije ta juya a firgice, ƙum, ta buge ta bayanta, ita ma maganar ta zubo. Waccan ta buge wata. Kafin ka ce me, labarin da ya wuni bai isa ko'ina ba ya kai ƙarshen layi ya dawo. Tururuwa suka yi wa dutsen caa, kowacce ta ɗauki ƙwaya ta nufi rami, ta ajiye ta komo. Suna ɗaukar na ƙarshe-ƙarshe ruwa ya tsuge.

Tasalla ta taho daga gonar nesa a guje, ta faɗi ta tashi, zani duk taɓo. Ta iso ta tarar da dutse wanke tas, rafi na ta ambaliya. Ba ta yi kuka ba. Zama kawai ta yi a cikin ruwan, tana tunanin abin da za ta ba yaran nan in marka ta zo. Ni wurin nan in na zo sai in ji gabana na faɗuwa, ko da na san ƙarshen.

Ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo. Sai ga layi baƙi ya fito daga rami, Ladingo a gaba, kowacce da ƙwayar gero a ka, busasshe. Suka yi ta zubawa a ƙwaryar Tasalla har ta kusa cika. Ta ɗan ragu kam. Suka ce rafi ne ya ci, amma wasu kumatunsu a cike suke, Tasalla kuwa ta yi kamar ba ta gani ba. Washegari ta shuka abinta a ƙasa mai laima.

Magajiya fa? Ita ce ta ƙarshen sanin abin da ya faru, sai da ta farka ta ga burbushin gero a bakin shimfiɗarta. Ta tara kowa. Tasalla da Sarkin Noma ma suka zo suka tsugunna a bakin rami.

"Wa ya ba da labari a hanya?"

Dije ta ce, "Ranki ya daɗe, karo aka yi. Ga ƙulun nan a goshina."

Tasalla ta ce, "Magajiya, don Allah ki sassauta dokar nan. Da an bi ta, da yanzu yarana ba su da abin ci bana."

Magajiya ta san gaskiya ce, amma ta ce ta yi kuskure a gaban mutane, wannan kam ba ta iyawa. Ta gyara zama. "Dokata tana nan, ba ta tashi ba. Karo kuwa tsautsayi ne, ba na hukunci a kansa. Ku dai riƙa duba gabanku."

Suka ce to. Amma daga ranar ba wadda ta ƙara duba gabanta. Duk biyun da suka haɗu sai tsautsayi ya same su, ƙum, wannan ta raɗa wa waccan abin da ta ji a gona, a wuce. Saboda tsoron kada Magajiya ta ji, suka yi ta rage murya, suna ragewa, har ta kai mu mutane ba ma jin su. Amma manomi mai lura, in ya ga suna kai da kawo da sauri suna ta karo, ya san ya kwashe shanyarsa.

Shi ya sa har yau tururuwa ba ta wuce 'yar uwarta sai sun gwara kai, Magajiya kuwa tana can cikin rami tana jiran a kawo mata labari ta auna.

Ni abin da ke hana ni sukuni ke nan a gidan nan. Bara aka kawo taki gari, babanku ya ji tun a masallaci, amma sai da ya ci tuwo ya wanke hannu sannan ya faɗa, muka je an gama rabo. To Nafi'u, tun da ka dawo daga gona nake ganin bakinka na motsi kana haɗiyewa. Matso da goshinka nan. Awakin wa suka shiga mana wake?